Ɗan Wana da Golan Kwalejinsu

'Ya'ya mata Allah Ya ba ni, su uku, shi ya sa har na kusa shekara hamsin ban san warin takalmin ƙwallo ba. Sai da ɗan wana ya samu gurbin karatu a wata kwaleji nan Birnin Kebbi, ya baro Argungu ya dawo hannuna a Gwadangaji. Muka gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, wanda a da nake tara tsofaffin littattafan koyarwata a ciki.

Wana manomi ne, albasa da rani, shinkafa da damina, kuma mai karatun zaure ne, ba ya son hayaniya. Ranar da ya kawo yaron bai yi doguwar magana ba. Ya ce da ni, "Ga ɗanki nan. Karatu ya zo yi. Ƙwallon nan na hana har na gaji. In dai ba ta raba shi da salla da littahi ba, ki ƙyale shi."

Yaron dogo ne, mai faɗin kafaɗa irin na wanda ya tashi yana ɗaukar buhun albasa, kuma maganarsa ba ta da yawa, kamar ubansa. Bai yi wata biyu ba aka sa shi cikin 'yan wasan kwalejin. Na tambaye shi ko shi ke zura ƙwallo a raga, don a sanina wannan ne kaɗai aikin ɗan ƙwallo. Ya yi murmushi ya ce, "A'a Goggo, ni a baya nike. Aikina in hana a ci mu." Da yamma yakan dawo da ƙura har gwiwa, ya yi wanka, ya wanke rigar wasansa da kansa, ya shanya a igiya ɗaya da kallabina. 'Ya'yana, ƙannensa mata, su yi ta tsokanarsa, shi ko ko kallo ba su ishe shi ba.

Aboki ɗaya na san shi da shi na ƙut da ƙut, shi ne golan kwalejin, wato mai tsaron ragarsu. Ɗan unguwar Nasarawa ne nan cikin gari, ubansa mai shagon atamfa a kasuwa. Shi kam bakinsa ba ya rufuwa. Tun daga ƙofar gida zai fara, "Goggo, ina wuni, yau mi munka samu?" Ya kwaikwayi muryar kocinsu, ya kwaikwayi tafiyar alƙalin wasa, har maigidana da ba ya yawan dariya sai ya ajiye rediyo ya saurara. Na so yaron ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya ne ban so ba, ko yana cin abinci rabin hankalinsa na kan waya. Wata rana bayan sun fita maigidana ya ce da ni, "Wanga yaro cacar ƙwallo shike yi." A lokacin abin ya riga ya cika gari. Yara su zauna gidan kallo, su sa kuɗi ta waya a kan wasannin Turai, su ce wai hasashe ne, ba caca ba. Na kira ɗan wana na tambaye shi ko yana ciki. Ya ce bai taɓa ba. Na yarda da shi, kuma daga baya ta tabbata gaskiya ya faɗa.

A shekararsa ta biyu wani mutum ya zo daga wani babban kulob, irin masu yawo suna neman yara masu ƙafa. Ya kalli atisayensu, ya kalli wasa ɗaya ko biyu, ya ware mutum biyu: ɗan wana da golan. Ya ce da zarar an gama gasar kwalejoji da ake yi zai aiko su je gwaji. Ranar ɗan wana ya shigo ya durƙusa gabana ina tsince shinkafa, ya faɗa mini a hankali kamar mai tsoron kada maganar ta fashe. Na sa masa albarka. Ni ban san girman abin ba sai da maigidana ya yi mini bayani, cewa daga irin wannan gwaji ne yaro kan zama wanda ake jin sunansa a rediyo.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo a Argungu, ranar Asabar bayan la'asar. Na ce wannan kam zan je, ko ba komai na ga 'yan uwa. Muka tafi da maigidana da autata. Wana ya ce shi ba ya zuwa kallon manya suna bin fata a guje. Amma da aka fara wasa na hango shi can ƙarshen fili, ƙarƙashin darbejiya, ya harɗe hannu a baya.

Ban san ƙa'idar ƙwallo ba, amma na san yaron da nake ciyarwa. Ranar ba irin wasansa ya yi ba. Shi da ake yabo da natsuwa, sai ga shi ko'ina cikin fili, dama da hagu, yana zubewa ƙasa, yana tare ƙwallo da ƙirji, da kai, da duk abin da ya samu. Har wurin da ba nasa ba yana zuwa. Mutanen garinsu suna ta kiran sunan ubansa suna tafi. Duk da haka, can sai wani ya bugo ƙwallo daga nesa, ba ma da ƙarfi ba, ta zo hannun gola ta sulluɓe ta shige. Fili ya ɗauki salati. Na ga ɗan wana ya taka har gaban abokinsa ya tsaya, ya faɗa masa wata magana. Golan bai ɗago kai ba, sai gyaran safar hannu yake. Bayan hutun rabin lokaci aka sake cin su, wannan karon golan ya fito daga raga a inda ko ni na ga babu dalilin fitowa. Haka aka tashi. Ɗan wana ya zauna a ƙasa, gwiwarsa na jini, har fili ya kusa watsewa.

Na ɗauka baƙin cikin rashin nasara ne. A hanyar dawowa na ce da autata ta bar shi. Abin da na lura da shi a kwanakin da suka biyo baya shi ne golan ya daina zuwa gidan. Na tambaya, ya ce, "Shina nan." Bai ƙara ba.

Maganar ta fito ne daga wani gidan kallon ƙwallo. Ashe wasu samari a gari sun haɗa tasu cacar a kan wasan kwalejojin, ba ta waya ba, hannu da hannu. Kusan kowa ya sa a kan kwalejin su ɗan wana, don su ne masu ƙarfi. 'Yan kaɗan da suka sa a ɗaya ɓangaren su suka kwashe, kuma ɗayansu bai iya riƙe bakinsa ba. Aka yi faɗa, har aka fasa wa wani baki, magana ta kai makaranta. Aka kafa kwamiti. Aka gano cewa golan da wasu 'yan wasa biyu sun yi alkawari da masu cacar za su bari a ci su.

Ranar da aka kira ɗan wana gaban kwamitin, ya dawo da azahar, lokacin na taso daga makarantar da nake koyarwa. Ya same ni a tsakar gida ya zauna bakin tabarma.

"Goggo, an dakatar da ni wasa shekara guda."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Kai kuma mi ka yi? Da kai cikinsu?"

"Ba ni ciki. Amma na sani."

Sai ya ba ni labari. Ana gobe wasan, golan ya ja shi gefe bayan atisaye, ya ce masa cacar waya ta cinye shi, har kuɗin makarantarsa ya tafi, akwai kuma waɗanda ke binsa suna barazanar zuwa shagon ubansa. Ya ce wasa ɗaya ne, gwajin kulob kuwa an riga an zaɓe su, babu abin da zai canza. Ya roƙe shi, tunda shi ne a baya, ya ɗan sassauta ƙafa. Ɗan wana ya ce ba zai yi ba, ya yi masa faɗa, har suka rabu ba daɗi. Amma bai faɗa wa koci ba, bai faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Don mi?"

"In na faɗi, korar shi za a yi, kuma shi ke nan tashi ta ƙare. Sai na ce bari in tsare bayan nan da kaina. In ƙwallo ba ta kai gare shi ba, ba shi da abin da zai saki. Mu ci wasa, shi kuma ya tsira ko ba shi so."

A nan na gane gudun da na ga yana yi a fili. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ya ce a kwamitin an tambayi kowa ko ya ji wani abu kafin wasan. Akwai wasu da suka ji ƙishin-ƙishin, duk suka ce ba su sani ba, aka sallame su. Da aka zo kansa ya ce ya sani. Golan da 'yan wasan nan biyu aka kore su daga makarantar gaba ɗaya. Shi aka bar shi da karatunsa, aka cire shi daga wasa. Kocinsu, wani dattijo mai haƙuri, ya yi ta roƙo a sassauta masa, aka ce ƙa'ida ce, wanda ya ji ya yi shiru shi ma yana da nasa kason.

Ba a yi mako ba mutumin kulob ya kira shi. Bai yi masa faɗa ba, har ma ya ce ya ji yadda abin ya faru kuma ya yaba da gaskiyarsa. Sai dai manyansa ba sa son ɗan wasan da aka taɓa ambata tare da caca, ko ta wace fuska. Ya ce ya ci gaba da atisaye, wata rana ba a sani ba. Ɗan wana ya yi masa godiya ya kashe wayar, ya shiga ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a faɗa wa wana. Na san labari ya riga ya kai Argungu, amma ji daga bakin mutane daban, ji daga bakin ɗa daban. Ranar Asabar muka shiga mota mu biyu. Ba mu same shi a gida ba, matarsa ta ce yana fadama, ana cirar albasa. Muka hau kabu-kabu muka bi shi. Mun tarar da shi yana zaune kan buhu yana yanke ganye, ma'aikata na ta kai da kawo. Na gaishe shi, ya amsa, ya sa aka shimfiɗa mini buhu a inuwa. Yaron ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba bai ƙara ba. Wana bai daina aikin hannunsa ba har yaron ya gama.

"Ka ci wani abu cikin kuɗin?"

"A'a, Baba."

"Da anka tambaye ka, ka yi ƙarya?"

"Ban yi ba."

"To shirun da ka yi tun farko hwa?"

"Abokina ne, Baba."

Wana ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Abokinka ne. Sauran da kunka shiga hili tare, su ba abokanka ba ne? Tsohon nan da ke koya muku, shi bai da hakki kanka? Ka ɗauki kayan mutum ɗaya ka manta da na goma." Sannan ya sassauta murya. "Na gan ka ranar. Na ce wanga gudu ba na lahiya ba ne. Na zaci haka wasan yake."

Na ce, "Yaya, ai da kyakkyawar niyya ya yi."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban ɗaga mishi murya ba." Ya dubi ɗan nasa. "Ga goggonka kuna gida ɗaya. Baki ne ba ka da shi?"

Wannan tambayar ta bi ni har gida. Na sha tambayar kaina me zan yi da ya faɗa mini a wancan daren. Ina jin da na ɗauki mayafi na tafi Nasarawa wurin uwar golan, don mun san juna, a yi ta a cikin gida. Ko hakan zai hana abin faruwa, Allah kaɗai Ya sani. Daga ƙarshe wana ya miƙa wa ɗan nasa wata wuƙa ya ce ya zauna ya taya shi, rana na yi. Suka yi ta yankan ganye har la'asar, ni kuma ina zaune ina kallon jirage a kan gulbi.

Uwar golan ita ta zo wurina bayan 'yan kwanaki. Ta rame. Ta ce ta zo ba da haƙuri, ɗanta ya ja wa nawa. Ta ce uban ya rantse yaron ba zai ƙara kwana gidansa ba, sai da 'yan uwa suka sa baki. Na riƙe hannunta muka yi ta addu'a. Ba da daɗewa ba na ji yaron ya tsallaka Nijar wurin wani kawunsa. Can ya samu wani kulob ya ɗauke shi. Ko ba su ji labarin ba, ko sun ji ba su damu ba, oho. Ya yi suna daidai gwargwado, har ya fara aiko wa uwarsa da saƙo. Ranar da na ji haka, gaskiya raina ya sosu. Maigidana ya ce in bar wa Allah, ba mu muke rabo ba.

Shekarar dakatarwar ta yi wa ɗan wana tsawo. Bayan sallar asuba yakan fita gudu shi kaɗai, ya bi hanyar bayan gari ya dawo. Da yamma, lokacin da ya saba kasancewa a fili, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara famfon gidan, ya gyara ƙofar kicin, ya koya wa autata lissafi har ta daina tsoronsa. Wasu a unguwa in ya wuce sukan ce ga ɗaya daga cikin waɗanda suka sayar da wasa, don mutane ba sa rarrabe wanda ya yi da wanda ya ji. Bai taɓa tsayawa ya yi musu bayani ba. Karatunsa kuwa ya gyaru fiye da da.

Da wa'adin ya cika ya koma wasa, saura 'yan watanni ya gama makaranta. Kocin ya nemi mutumin kulob, aka ce ya bar wurin, kuma sun riga sun ɗebi wasu yaran. Tsohon bai haƙura ba, ya yi ta kiran waɗanda ya sani har ya samo masa wani ƙaramin kulob a wata jiha mai nisa, na rukunin ƙasa. Ya yi kakar wasa biyu a can. Yakan kira ni ya ce lafiya lau, amma na san albashi sai an ga dama, kuma su shida suke kwana ɗaki ɗaya. Da ya ga shekaru na tafiya babu wanda ya sake zuwa dominsa, sai ya tattaro kayansa ya dawo Argungu. Ya samu koyarwa a wata firamare, ubansa ya yanka masa gona a fadama, ya yi aure. Har yau yana buga ƙwallo da yamma tare da samarin gari, kuma an ce har yanzu wuya a wuce shi.

Bara tsohon kocin nasu ya rasu nan Birnin Kebbi. Bayan an dawo daga maƙabarta, da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida, muryoyi biyu. Ɗan wana ne ya shigo, bayansa kuma golan. Ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ashe ya ji rasuwar ya kamo hanya tun jiya. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Goggo, ina kwana." Ban zaci haushinsa na nan a raina har yanzu ba. Na dai amsa, na tambayi iyalinsa, na yi musu gaisuwar rashi. Autata ta kai musu ruwa ƙarƙashin mangwaro.

Daga inda nake ina jin su sama-sama. Can suka shiga labarin marigayin, yadda yake cire hula ya buga a cinya in an ɓata wasa, yadda ya taɓa tura babur ɗinsa tun daga fili har gida don ya ba wani yaro kuɗin mai ya sayi magani. Na ji ɗan wana ya yi dariya, gajera. Ban ji sun taɓo maganar wasan Argungu ba. Daga baya na tambaye shi ko abokin nasa ya nemi gafara. Ya ce, "Ya fara a maƙabarta, na ce mishi ba nan ba. Ya ce to yaushe, na ce ya zo Argungu in ya samu hali, Baba ma na son ganin shi."

Kafin azahar suka yi mini sallama. Ɗan wana ya goya shi a babur ya kai shi tasha, daga nan ya wuce gida, don washegari yana da aji, kuma shinkafarsa na jiran ban ruwa.